Daga Hilux zuwa L200: yadda sauya a-kori-kura ya kasance tsakanin Tawa da Yamai

Duk wanda ya taɓa sauya motar a-kori-kura daga wani kamfani zuwa wani a ƙasar nan ta Nijar ya san zaɓen motar ne mafi sauƙi. Wahalar tana wajen takardu, da sanin irin injin da ke ƙarƙashin murfi, da lissafin gazuwal na gaskiya, ba na bakin dillali ba. Na bar Toyota Hilux ƙirar 2012 mai inji 5L-E, na koma Mitsubishi L200 ƙirar 2018 mai inji 4D56, dukansu dubul kabin, kat-kat, wato masu ja da ƙafa huɗu, masu giyar hannu. Aikin motar jigilar kayan noman rani ne, injinan ban ruwa da tiyo da taki, tsakanin Tawa da Kaita da Buza da Galmi, sai kuma zuwa Yamai ɗauko kaya. Ga yadda abin ya gudana, mataki bayan mataki.

Kafin in kalli wata mota, sai da na auna shan tsohuwar. Mutane da yawa suna cewa motarsu na shan mai, amma in ka tambaye su lita nawa a kilomita 100 sai su yi shiru. Awon ba shi da wuya: ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mai da ƙaramin kwantar kilomita sifiri, ka yi aikinka yadda ka saba, ka dawo famfon nan ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu sai ka ninka ta da 100, ka raba da kilomitan da ka yi. Kada a dogara da tanki ɗaya, domin iska da lodi da hanya suna canza lissafi. Hilux ɗin ta ba ni lita 11 da rabi a kwalta da kaya da kilim a kunne, a hanyar jar ƙasa da cikin gari kuwa tana kai 13. Wannan ba ciwo ba ne, haka 5L-E yake: lita 3 ne, ba turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfinsa wajen doki 95, dole ka taka shi sosai kafin ya ja kaya ya hau tudu. Abin da ake ƙaunarsa don shi kuma shi ne haƙuri. Yana jure gazuwal maras kyau fiye da sababbin injina, kuma babu garin da za ka rasa makanikin da ya san cikinsa. Litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agusta na 2022, aka sauko da ita 618 a watan Yuli na 2024, kuma da wannan farashi na ƙarshe na yi duk lissafina.

Da wannan awo a hannu na tafi Yamai. Tun da iyakar Benin ta rufe bayan Yulin 2023, motocin da a da ke shigowa daga Kwatano ta Malanbil da Gaya suka ragu, waɗanda ke zuwa daga Lome ta Burkina kuma hanya ta ƙara musu tsada. A wuraren saida motoci na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato sabuwar Hilux mai siffar 2015 zuwa sama. Kyakkyawa ce, faɗin gabanta da tsayinta suna cika ido, injinta na 2GD mai lita 2.4 kuma sarƙa gare shi ba bel ba. Sai dai farashinta ba ya saukowa ko ta tsufa, sunan kawai ana biya. Na ga Isuzu D-Max ma, mota ce ta aiki tsantsa, siffarta ba ado, injinta kuma ana yabon ƙarkonsa, amma da na zagaya masu saida kayan gyara na tambayi filtocinta da faranten birkinta na ga ba kowane shago ke ajiye su ba, balle a Tawa. L200 ta fi su duka sirantaka. Gabanta ya ɗan sunkuya, layin da ya raba kabin da bodi ya lanƙwashe, wasu na cewa ba ta da kwarjinin Hilux, kuma gaskiya ne. A shekara ta 2019 aka canza mata fuska ta zama mai kusurwoyi da fitilu sama da ƙasa, waɗannan sun fi tsada. Ni dai abin da ya fi ja na shi ne lanƙwasar nan, domin ita ta ba kujerar baya damar ɗan kwantawa, mutum uku su yi tafiya mai nisa ba tare da bayansu ya sage ba.

A nan ne tarko na farko yake, kuma bai shafi siffa ba. L200 iri-iri ce a kasuwa ko da shekararsu ɗaya. Akwai wadda aka ƙera don Turai mai inji 4N15 na lita 2.4, mai doki 154 ko 181, da kwalliyar ciki da allon taɓawa da kamarar baya. Irin wannan tana da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ke tara baƙin toka ta ƙone shi lokaci-lokaci, kuma an yi ta ne don gazuwal mai ƙarancin sulfa ƙwarai. Waɗanda suka fito Turai daga 2019 har da tankin AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In matatar ta toshe, fitila ta kunnu, kwamfutar motar ta rage ƙarfin inji, ka koma tafiyar kura. Dillali zai ce maka an cire ta an gyara kwamfuta, amma ba ka san hannun da ya yi aikin ba. Ɗaya irin ita ce wadda aka yi don ƙasashe masu zafi, mai inji 4D56 na lita 2.5 da turbo, doki 136, ba matatar hayaƙi, kujerun yadi ko leda, tagogi na lantarki, kilim na hannu. Ita na nema. Hanyar ganewa: leƙa ƙarƙashin mota ka bi salansa, in ka ga wani kumburarren gwangwani mai siraran bututu da wayoyi suna fita daga jikinsa, ta Turai ce. Ka duba kuma ƙaramin allon ƙarfe na cikin ɗakin inji, an rubuta sunan injin a kai.

Wadda na samu ta fito ne daga hannun wata ƙungiyar agaji da ta kammala aikinta ta saida motocinta, wani ɗan kasuwa ya saye su. Farashin da ya faɗa sefa miliyan 9 ne, abin da ya yi araha har na tsargu. Dillalin ya ce: "Alhaji, ka ba da kafin alƙalami yau, akwai mai zuwa gobe da kuɗi a hannu." Na ce masa: "Malam, ba ni hoton kart giriz da takardar duwan tukuna, in motar rabona ce za ta jira ni." Kart giriz ita ce takardar rajistar mota mai ɗauke da sunan mai ita. Lambar da ke jikin motar ba irin ta motocin jama'a ba ce, takardar duwan kuma ta nuna an shigo da ita ne bisa yafiyar haraji. Ma'anar wannan ita ce ba a taɓa biyan kuɗin duwan a kanta ba, an yafe ne saboda aikin ƙungiyar, kuma ranar da ta koma hannun mutum irina sai an biya bisa darajar da ta rage mata. In ba a biya ba, ba za a juya kart giriz zuwa sunanka ba, kuma kowane shingen duwan na iya tsare ta. Na kai takardun wajen wani taransita mai lasisi, wato wakilin da ke fitar wa mutane kaya a duwan, ya duba, ya ƙiyasta mini abin da za a nema, ya kuma ce in tabbatar akwai takardar da ƙungiyar ta sa hannu cewa ta saki motar, da takardar cinikin da ke tsakaninta da ɗan kasuwar. Sarƙar mallaka kenan: daga mai sunan da ke kan kart giriz zuwa wanda ke sayar maka, kowane hannu da takardarsa. In ɗaya ta ɓace, ka bar motar ko da kyauta ce. Muka kuma gwada lambar sasi mai haruffa da lambobi 17 a wuri uku, a takarda, a allon ɗakin inji, da wadda aka buga a jikin ƙarfen sasi ta ɓangaren dama. L200 a Tailan ake ƙera ta, lambarta na farawa da MMB ko MMC. Hilux ta Tailan MR0 ce, ta Afirka ta Kudu AHT. Wurin da aka buga lambar in ya yi santsi fiye da kewayensa ko ya sha sabon fenti, a tsaya.

Bayan takardu sai makaniki, kuma wanda na kawo da kaina, ba na mai saidawa ba. Mun isa da sassafe don mu tada injin yana sanyi, saboda inji mai zafi yana ɓoye ciwo. Ya tashi da bugu ɗaya, ba farin hayaƙi mai daɗewa, ba shuɗi. Makanikin ya buɗe murfin radiyata tun kafin a tada, ya sa ido ko kumfa za ta riƙa tasowa, domin 4D56 ba ya son zafi, in an taɓa barinsa ya tafasa kan injin na iya tsagewa. Ya zare tiyon da ke fita daga turbo ya duba: ɗan danshin mai ba laifi, amma in yana ɗiga, turbo ya gaji. Sannan ya jona na'urar gwaji ta kwamfuta ya karanta ƙarfin matsin gazuwal da yadda kowace enjekta, wato bakin da ke fesa gazuwal cikin inji, ke gyara aikinta, duka huɗun suna kusa da juna. Wannan gwaji ne ya bambanta sabuwar motar da tsohuwar, domin a 5L-E kunne da ido sun isa, a nan kuwa sai da na'ura. Daga nan muka fita bayan gari inda akwai rairayi muka gwada kat-kat. A L200 iskar da wani ƙaramin famfo na jikin inji ke zuƙa ce ke haɗa ƙafafun gaba ta wasu ƙananan bawuloli na lantarki. In ka sa 4H, wato giyar ja da ƙafa huɗu, fitilun ƙafafun gaba a allon direba za su ɗan yi ƙyaftawa su tsaya. In suka ci gaba da ƙyaftawa, ko bawul ya mutu ko siririn tiyo ya tsage, gyara ne mai sauƙi amma abin ragi ne a ciniki. Namu sun tsaya. Abin da muka samu shi ne amortisa na baya sun saki, ganyen sifirin ɗaya ya tsage, kuma babu wata shaida a rubuce cewa an taɓa canza bel ɗin inji, ga kwanta na nuna kilomita sama da 90,000.

Sai da na tabbatar da duk wannan sannan na saki tsohuwar, kuma wannan jeri yana da muhimmanci. Wanda ya fara saidawa ya zauna ba mota, gaggawa za ta sa ya ɗauki abin da ya samu. Saida Hilux a Tawa ba ya ɗaukar lokaci, masu zuwa Abalak da Cintabaradan da ƴan kasuwar ƙauye kullum suna nema. Na tsaida la'ada da dillali tun kafin ya kawo kowa, muka faɗi adadi a gaban shaida. An saye ta miliyan 8 da rabi. Muka rubuta takardar ciniki mai ɗauke da cikakken sunan mai saye da lambar katinsa na ɗan ƙasa, lambar mota, lambar sasi, farashi, da rana har da sa'ar da na miƙa makulli, muka je kamisariya aka tabbatar da sa hannunmu aka manna tambur. Jira ne na rabin yini, kuɗin kuma kaɗan ne. Na riƙe kwafi guda mai hatimi da hoton katinsa. Ina roƙon duk mai saida kat-kat kada ya yi wasa da wannan. A halin tsaron da ake ciki a arewacin jiharmu ta Tawa, motar da ke yawo da sunanka alhali ba ka san hannun da take ba, masifa ce da ke iya ƙwanƙwasa maka ƙofa bayan shekaru. Na sa wa mai sayen sharaɗi a rubuce cewa zai juya kart giriz zuwa sunansa, na kuma bi shi da waya har ya turo mini hoton sabuwar. Na kai wa kamfanin asiransi kwafin takardar ciniki, domin a dokar asiransi ta CIMA, wadda ƙasarmu ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, asiransin mota ba ya bin ta zuwa sabon hannu, yana tsayawa ƴan kwanaki bayan ciniki. Sauran watannin da na riga na biya, muka daidaita a juya su kan sabuwar.

Na koma Yamai na biya kuɗin L200 ɗin ta banki, ba da jakar kuɗi ba, don a samu shaida. An yi takardar ciniki irin waccan, aka tabbatar da ita. Daga nan taransita ya shigar da takardu a wurin da kowa ke kira SONILOGA, inda aka tara ofisoshin da suka shafi fitar da mota da yi mata rajista wuri guda. Abin da na tanada a jaka ɗaya: tsohuwar kart giriz, takardar shigowa ta duwan, takardar sakin mota daga ƙungiya, takardun ciniki biyu, kwafin katin ɗan ƙasa da aka tabbatar, da tambura. Kowace takarda na yi mata kwafi fiye da ɗaya tun a gari. Motar da kanta sai an kai ta, a duba lambar sasi a gwada da takarda, a ƙiyasta darajarta, sannan a fitar da abin da za a biya. A wannan mataki zuciya ba ta kwanciya, domin har sai adadin ya fito ba ka san ko arahar da ka gani araha ba ce. Nawa, kuɗin duwan da ladan taransita da rajista da sabuwar lamba, sun ɗan haura miliyan 2, kusa da abin da aka ƙiyasta mini. Duk abin da na biya na karɓi rasit mai hatimi, na kuma karanta shi a wurin: sunana, lambar sasi harafi-harafi, irin mai, ƙarfin inji na haraji. Harafi ɗaya da ya kauce a wannan mataki zai bi ka har kart giriz, gyaransa kuma sabon layi ne. Wanda zai zo daga nesa ya shirya zama na fiye da mako, ya isa da sassafe, ya kuma tuna Jumma'a rabin yini ce.

Bizit teknik ta biyo baya, inda ake duba birki da fitilu da sitiyari da tayu. Na canza ganyen sifirin da amortisa kafin in kai ta, don kada a mai da ni. An ba ni takardar wucin gadi da zan yi yawo da ita kafin kart giriz ta ainihi ta fito, da ita na yi asiransi, na kuma sayi binyet, wato takardar harajin mota na shekara, a ofishin haraji, wadda kuɗinta ke bin ƙarfin injin da aka rubuta a takarda. Takardar wucin gadi tana da wa'adi, a duba ranar ƙarewarta, a kuma bar lambar waya mai aiki wajen wanda zai karɓo ta ainihin.

Ban kama hanyar Tawa ba sai da aka yi wa injin babban gyaran farko, wanda ya ci wajen jika 450. A 4D56 bel biyu ne a gaba: babba mai juya sandunan bawul, da ƙarami mai juya sandunan da ke rage jijjiga. Mutane na canza babban su manta ƙaramin, shi kuwa in ya tsinke yakan faɗa ƙarƙashin babban ya sa ya tsallake haƙori, fistin ya doki bawul, inji ya tashi aiki. Aka canza su duka biyu da ƙafafun da ke ɗaure su da famfon ruwa, aka rubuta kilomita da fenti a murfin. Ba na barin su su wuce kilomita 100,000, a zafinmu ma gara a rage. Aka wanke radiyata ciki da waje, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba ruwan rijiya mai kanwa ba. Aka daidaita tazarar bawuloli, aka kwance bawul ɗin da ke mai da hayaƙi cikin inji aka kankare baƙin da ya taru. Aka canza man inji, na giya, na akwatin kat-kat da na ƙafafun gaba da baya. Sai abin da na fi ba muhimmanci: filtar gazuwal ta asali, da ƙarin wata mai raba ruwa da mai da aka ɗaura kafin ta. Injin nan yana tura gazuwal da matsin da ya haura bar 1,500 a ma'aunin matsi ta ramukan da suka fi gashi siranta, ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya cinye enjekta, kuma kuɗin enjekta huɗu ya fi ribar gazuwal ta shekara guda. Wanda ya saba da 5L-E yana zuba na bido a bakin hanya ya wuce lafiya, dole ya bar wannan ɗabi'a.

Tafiyar kilomita wajen 550 daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni, a karya a Tsarnawa a bi Badagishiri, ita ta fara nuna mini bambanci. A shingayen jandarma da na duwan an nemi takardar wucin gadi da rasit na duwan, aka duba aka sallame ni. Wajen wuce manyan motoci, abin da a Hilux sai na yi dogon shiri na sauko giya, a nan taku ɗaya ya isa, muddin injin ya haura juyi 1,800 a minti, inda turbo ke kamawa. Ƙasa da haka tana da nauyin tashi, kuma nan ne 5L-E ya fi ta: yana ja tun daga ƙasa, a rairayi ko a tashi da lodi kan tudu ba ya buƙatar a ƙona kulochi. Cikin kabin ya fi shiru, kilim ya fi sanyi, abin da mai tafiya a watan Afrilu da Mayu ya san darajarsa. A cikin kasuwa kuma tana juyawa a wuri ƙanƙane, domin tazarar ƙafafunta mita 3 ce, ta Hilux ta ɗara da santimita 8 da rabi. Sai dai wannan gajarta tana da farashi: bodin ya fi zarcewa bayan ƙafafun baya. Tsawon bodin dukansu wajen mita ɗaya da rabi ne, amma a L200 dole kaya masu nauyi, taki ko injin ban ruwa, su matsa jikin kabin, marasa nauyi su zauna baya. In aka yi akasin haka gaba zai ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, a kwazazzabo kuma sasi ya sha wuya. Tan ɗaya da ake faɗa har da direba da fasinja a ciki. Tayu kuwa lambarsu ɗaya, 205R16C, ramukan ƙusa shida ma sun yi daidai, amma ramin tsakiyar ƙarfen taya ya bambanta, na Hilux ya fi faɗi nesa ba kusa ba, saboda haka kada a ɗauka safaya ɗaya za ta yi wa duka biyun.

Shan mai, bayan na auna ta yadda na auna waccan, ya tsaya a lita 9 a kwalta da kaya da kilim, 10 da rabi zuwa 11 a jar ƙasa, in ana tafiya tsakanin 90 da 100. In aka haura 120 ribar tana narkewa. Bambancin lita 2 da rabi a kilomita 100 ya kama sefa 1,545. Zuwa Yamai da dawowa, wajen jika 17 kenan. A shekarar da aka yi kilomita 30,000, lita 750 ce, wato sefa 463,500. Tankinta lita 75 ne, na Hilux kusan 80, amma duk da haka ta fi nisan zango, tana haura kilomita 800 a cika ɗaya inda waccan ke tsayawa wajen 700.

Yanzu a haɗa lissafin duka. Saye da duwan da takardu da gyaran farko sun kai miliyan 11 da rabi da ɗoriya, tsohuwar ta kawo 8 da rabi, cikon da ya fita daga aljihu wajen miliyan 3 ne. In ribar gazuwal kaɗai za ta biya wannan, sai an yi shekara shida da wani abu. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka sauya mota don tsimin mai kawai, bai yi lissafi ba. Abin da cikon ya saya shi ne mota mai ƙarancin shekaru shida, mai ƙarfi da sauƙin tafiya, tsimin man ƙari ne a kai. A ɗaya gefen kuma akwai abin da aka rasa. Kayan Hilux har a kasuwar ƙauye ana samu, sabo da na hannu, na L200 kuwa filtoci da faranten birki ne ke samuwa a Tawa, abin da ya wuce haka sai an aiko daga Yamai ko Ƙwanni ko Maraɗi. Shi ya sa bayan kujera ba na rasa filtar gazuwal biyu, filtar iska ɗaya saboda ƙurar hunturu, bel na dinamo, da tiyon radiyata na sama da na ƙasa. Ranar saidawa ma ba za ta yi saurin fita kamar Hilux ba, ba kuma za ta riƙe farashi kamarta ba.

Ga wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce tsakanin manyan garuruwa, yana shan mai a gidan mai na gaske, yana da makaniki mai na'urar gwaji, sauyin ya dace, kuma ban yi nadama ba. Wanda aikinsa ke cikin daji arewa da Tawa, inda gazuwal na bido ne kuma makaniki mafi kusa sifana da guduma kawai gare shi, ya riƙe 5L-E ɗinsa, ya canza bel da enjekta a kan lokaci, ya sa kuɗin cikon a tayu masu kyau. In kuma an yanke shawarar sauyawa, a nemi takardar duwan kafin a tambayi farashi, a kai ta wajen taransita ya faɗi abin da za a biya, sannan a dawo a zauna ciniki da wannan adadi a hannu.